Shawul Ɗin Da Ya Karkace

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar da Kakarta ke kira Tsuntsuwa, don ba ta iya zama wuri ɗaya. Ko abinci a tsaye take ci.

Ranar Litinin, cikin hutun makaranta, Mamanta ta haifi namiji a asibiti. Likita ya ce sai Asabar za a sallame ta. Da aka kai Tsuntsuwa dubiya, ta leƙa jaririn ta ce, "Mama, ni zan saƙa masa shawul. A cikinsa za ki kawo shi gida."

"To, Allah ya ba ki iko," in ji Mama.

Dama Kaka ta daɗe tana kaɗa auduga da mazari saboda jaririn. Da safiyar Talata ta gama, ta miƙa wa jikarta zaren.

"Yawwa! Bari in ɗauko alluraina!"

"Tsaya tukuna, Tsuntsuwa. Zaren da ya sauka daga mazari, murɗinsa bai kwanta ba. Ki jiƙa shi a ruwan ɗumi. Ki rataye shi a igiya, ki ɗaura masa ɗan dutse a ƙasa. In ya bushe gobe, sai ki fara."

"Gobe? Haba Kaka! Zare ai zare ne."

"Na dai faɗa miki. Ni zan yi kwana biyu wajen Mamanki."

Kaka na fita, Tsuntsuwa ta ɗora ruwa. Ta zauna, ta tashi. Ta leƙa tukunya, ta ƙirga kwanaki da yatsu. Kai, ina! Ba za ta iya jira ba. Ta sauke ruwan, ta kama saƙa.

Da Baba ya dawo daga aiki ya ce, "Kaka ta ce sai an jiƙa zaren. Har ya bushe?"

"Eh, Baba," ta ce, ba ta ɗago kai ba.

Zaren ya yi ta kanannaɗewa a hannunta, tana miƙar da shi tana tsaki. Ba ta fita wasa ba. Ranar Alhamis ta gama, ta shimfiɗa shawul ɗin a kan gado.

Kash! Shawul ya karkace! Wannan kusurwa ta yi gabas, waccan ta yi yamma, kamar tabarmar da akuya ta ja. Ta ja shi, ya koma. Ta danne shi da littattafanta. Tana ɗagawa, ya sake murɗewa.

Sai ga sallamar Kaka. Ta dubi shawul ɗin, ta ɗauki ragowar zaren ta sake shi. Nan take ya nannaɗe kansa.

"Wannan zaren bai ga ruwa ba," in ji Kaka.

Tsuntsuwa ta fashe da kuka. "Ban jiƙa ba, Kaka. Kuma na yi wa Baba ƙarya."

"To, share hawayenki. Baba za ki ba shi haƙuri. Shawul kuwa, sai an warware."

"Duka?"

"Duka, 'yar nan."

Aikin kwana uku, cikin rabin awa ya koma zare. Ta jiƙa shi, ta rataye. Da Baba ya dawo, ta ba shi haƙuri. Ta yi ta zagaya igiyar tana taɓawa, amma ba ta sauke ba sai da ya bushe ƙarau.

Ranar Asabar ko rabi ba ta kai ba. A tsohon tawul aka kawo ƙaninta gida. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta faɗa wa Mama gaskiya.

Mama ta shafa kanta. "Ba inda za shi, ai ya zo ke nan. Ki saƙa a hankali."

Ranar Talata ta gama. Shawul ya kwanta sumul, kusurwa huɗu daidai. Mama ta naɗe jaririn a ciki, ya yi hamma, ya yi barci abinsa.

"Me kika koya?" in ji Baba.

"Na ƙi jiran kwana ɗaya, na rasa kwana uku. In babba ya ce a jira, akwai dalili. Kuma ƙarya ba ta gyara aiki."

Kaka ta miƙo sabon zare. "Ga na hula."

Tsuntsuwa ta zabura da gudu.

"Ina kuma za ki?"

"Ɗora ruwa, Kaka!"