Rahoton Da Aka Rufe

Tana durƙushe a gindin firinta, hannunta duk tawada, sai ta ji sallama daga ƙofar shago.

"Nan ne inda firinta ta yi yaji?"

Auta ta ɗago. Wani dogon saurayi ne tsaye, jaka rataye a kafaɗarsa, farin alli ya ɓata masa hannun riga. Ta buɗe baki za ta amsa, maganar ta maƙale, don ita dama a rubuce ta fi iya magana. Kai kawai ta gyaɗa.

Wata uku da suka wuce ta lallaɓa Baba, ta sauya wa tsofaffin kwamfutocin shagonsu na buga takardu tsari. Ta sa musu irin na kyauta ɗin nan, wanda mutane ke haɗuwa su gina, kowa kuma yana iya leƙa cikinsa. Kwamfutocin suka farfaɗo kamar an ba su magani. Sai ran Litinin ta danna sabuntawa, tun daga nan firinta ta daina jin kira. Ta rubuta kokenta a dandalin intanet na masu amfani da tsarin, mai kula da ƙunshin manhajar firinta ya amsa mata, ya ce zai zo ya duba da kansa. Ashe unguwa biyu ce kawai tsakaninsu.

"Ke ce mai rahoto ko?" ya ce yana jan kujera. "Shekara huɗu ina wannan aiki, ban taɓa karanta koke mai sakin layi da gaisuwa ba sai naki."

Ta sunkuyar da kai. "Na yi tsayi ne?"

"Kin yi daidai. Sauran cewa suke yi, ba ya aiki, a gyara. Shi ke nan."

Ya nuna mata jajayen rubutun da ke allon kwamfutar. Ƙunshin da ke magana da firinta, in ji shi, yana jingine ne da wani ƙunshi. Sabuntawa ta ɗaga ɗaya ta bar ɗaya, sai suka daina fahimtar juna. Ya dawo da tsohon, ya ɗaure shi kada ya motsa. Firinta ta yi gyaran murya, ta tofo takarda.

"Wannan ɗauri ne kawai, ba gyara ba," ya ce. "In ta sake, ki turo rahoto tare da fayil ɗin da ke nuna abin da ya faru a ciki."

Baba, da ke yankan takardu a can baya, ya matso yana goge hannu. "Nawa ne aikinka, samari?"

"Ba a biya, Baba. Ni malamin lissafi ne, wannan kuwa don sha'awa nake yi."

Baba ya dube shi sama da ƙasa. Auta ta san wannan kallon, ba na yabo ba ne.

Dogo, haka abokansa ke ce masa, ya karɓi lambarta wai don jin lafiyar firinta. Da yamma saƙo ya shigo.

"Mai rahoto, ya jikin mara lafiya?"

Sau uku ta rubuta amsa tana gogewa. "Da sauƙi. Ta ci takarda ɗari biyu yau."

"Alhamdu lillahi. Mai jinyar fa?"

Ta kife wayar a kan littafin da take karantawa. Sai bayan sallar magariba ta amsa. "Ita ma da sauƙi, Mai gyara."

Haka abin ya soma. Ya riƙa biyowa bayan an tashi makaranta, yana kawo mata littattafai daga ɗakin karatunsu, tana mayar masa da su da 'yar takarda a ciki ɗauke da ra'ayinta. Wata rana ta sami tasa takardar a tsakiyar littafi: "Akwai wani rahoto da nake son kai wa Baba, amma sai kin sa hannu." Ta rubuta masa a ƙasa: "Na sa."

Ranar da ya zo wajen Baba, tana bayan kantar takardu tana jin komai.

"Ba na ƙinka, yaro," in ji Baba. "Amma mutumin da ya saba ba da guminsa a banza, da me zai riƙe gida? Yau ka gyara wa wannan, gobe ka gyara wa wancan, iyalinka na kallon bayanka. Ka ba ni lokaci. Kafin nan ba zuwa, ba saƙo, sai na neme ka. Ka yarda?"

"Na yarda, Baba."

Ba shi kaɗai ke neman aurenta ba. Akwai ɗan aminin Baba, mai sayar da sababbin injunan ofis, wanda kowa ke kira Injiniya. Kullum ya shigo sai ya ƙwanƙwasa firinta da ɗan makullin motarsa.

"Baba, abin kyauta ai ba shi da mai shi. In ya lalace wa za ka kama? Ku zubar da wannan tarkace, in kawo muku na gaske." Sai ya juyo wajenta. "Ko ba haka ba, ƙanwata?"

"Yana da masu shi," ta ce a hankali, amma ba wanda ya ji.

Ana cikin haka makarantar su Dogo ta kawo aikin da ya fi kowane aiki nauyi a shagon, wato buga takardun jarrabawar ƙarshen zango. Shekara goma sha ɗaya Baba ke buga musu, ko tambaya ɗaya ba ta taɓa fita ba. Da kansa yake kulle ƙofa in ana wannan aiki.

Sun kai rabi, firinta ta tsaya cak. Jajayen rubutun suka dawo. Baba ya tsaya a kanta.

"Ga abin kyautarku nan."

Auta ta dubi wayarta. Ba ta da ikon kiran Dogo, amma dandali ai na kowa ne. Ta buɗe shafin rahoto, ta danna duk wani akwati da ya ce a haɗa bayani, don kada a ce ta rage wani abu, ta tura.

Minti bakwai, amsa ta fito da sunansa: "An rufe wannan rahoto, an kuma ɓoye shi. Kada a sake turo fayil ɗin."

Ko gaisuwa babu, balle ya ce mata Mai rahoto. Ta karanta ya fi sau goma. Wato har a nan ma ya gaji da ita ke nan? Ta shige banɗaki ta yi kukanta, ta wanke fuska ta fito. Washegari da safe wata sabuntawa ta sauko, firinta ta tashi, suka gama aikin. Ko murna ba ta iya yi ba.

Yayarta ta lura da ita a gida. "Auta, kin bar abinci, kin bar littafi. Wanda ya bar littafi a gidan nan ai sai asibiti."

"Ya rufe ni, Yaya. A gaban kowa."

"To in ya rufe, Allah ya buɗe wani. Ga Injiniya nan har da mota."

Kwana biyu bayan haka Injiniya ya shigo shago da waya a hannu, fuskarsa ɗauke da jimamin da bai kai ciki ba. Ashe ya yi rajista a dandalin tuntuni don ya riƙa tattara laifuffukan tsarin yana nuna wa masu saye, duk rahoton da aka tura kuwa sai kwafinsa ya faɗo masa.

"Baba, duba nan. Shafin farko na jarrabawar lissafi, a intanet, a shafin yaron nan. Har makarantar ta dakatar da shi. Da bakinsa ya je ya gaya wa shugaba cewa ta shafinsa takardar ta fita, wai a sauya tambayoyi. An tambaye shi wa ya sa, ya ce alhakinsa ne."

Baba ya zauna a kan kwalin takardu. "Na ba shi kujera a shagona. Ashe da ya taɓa kwamfutar nan ƙofa ya bar wa kansa."

Auta ta dubi kwamfutar. Ta jira har Injiniya ya fita, ta buɗe fayil ɗin da ta tura, wanda ba ta taɓa duba cikinsa ba. Ta gangara ƙasa, ta wuce layukan da ba ta fahimta. Can ga shi. Ɗaya daga cikin akwatunan da ta danna ya haɗa har da shafin da firinta ke ƙoƙarin bugawa lokacin da ta tsaya. Tambaya ta ɗaya zuwa ta takwas, da sunan makaranta a sama.

Ita ce ta fitar. Shi kuwa ya gani, ya rufe, ya je ya ɗora wa kansa. Bai kira ta ba saboda ya yi wa Baba alkawari.

Ta daɗe zaune tana kallon allon. In ta yi shiru, ba wanda zai sani, Baba ba ya karanta irin waɗannan abubuwa. In ta yi magana, amanar shekara goma sha ɗaya ce za ta faɗi a hannunta. Ita da ko canjin da aka rage mata a kasuwa ba ta iya tambaya.

Ta miƙe. "Baba."

"Bari, Auta, ba yanzu ba."

"Baba, ni ce." Muryarta ta fita siririya, amma ba ta tsaya ba. Ta juyo masa da allon. A wannan tsari, ta ce, ba abin da ke ɓacewa, ana rubuta wanda ya yi abu da lokacin da ya yi. Ta nuna masa da yatsa. Ƙarfe goma da minti huɗu, sunanta, ta tura. Goma da minti goma sha ɗaya, sunansa, ya ɓoye. Washegari da safe, sunansa kuma, ya saki gyaran da ya tashi firinta, ya kuma cire akwatin nan gaba ɗaya don kada wani ya sake faɗawa.

Baba ya sa tabarau ya karanta, ya cire, ya sake sawa.

"Kin san abin da kika jawo mana?"

"Na sani, Baba."

"Ɗauko mayafinki."

A ofishin shugaban makaranta Baba bai zauna ba. Ya ce laifin daga shagonsa ne, ya sa Auta ta maimaita bayanin, ta yi tana share hawaye. Shugaba ya yi faɗa sosai, ya ce sai ya yi tunani kafin ya sake kawo musu aikin jarrabawa. Baba ya ce ya ji, sababbin tambayoyin kuma shi zai buga su a matsayin gyaran ɓarnarsa. Sannan aka aika a kira malamin lissafi.

Dogo ya shigo, ya rame. Da ya gan ta sai ya kawar da kai da sauri, ya durƙusa ya gaida Baba.

"Me ya hana ka faɗin gaskiya?" in ji Baba.

"Ban yi ƙarya ba, Baba. Ni na bar akwatin nan a wurin, na kuma ce mata ta turo fayil ban gargaɗe ta ba. In mai amfani ya faɗa rami, mai kula da hanya ake tambaya."

"Ko ka rasa aikinka?"

Dogo ya gyaɗa kai.

Baba ya numfasa. "Na ce mai aikin kyauta ba zai riƙe gida ba. To ga shi ka riƙe nawa ban sani ba, ina zaune ina zaginka." Ya miƙa masa hannu. "Ka turo manyanka. Saƙo ma na sake maka, kafin yarinyar nan ta ƙare."

Ba su kai gida ba wayarta ta yi ƙara.

"Mai rahotona, ki yafe mini kalmomin nan masu sanyi. Cikin sauri na rubuta su."

Wannan karon ba ta goge komai ba. "Na ɗauka ni ka rufe."

"Asirinki na rufe. Naki rahoton a buɗe yake wurina har abada."

Makarantar ba ta dawo da aikin jarrabawa a zangon da ya biyo ba, Baba kuma bai taɓa yi mata gori ba. Injiniya ya rage zuwa shago, daga baya ya daina.

Bayan wata huɗu aka ɗaura auren. A tsohuwar firintar nan aka buga katin gayyata, sau ɗaya kawai ta tsaya, Baba ya leƙo ya ce, "A kira surukina, ai yanzu na san wanda zan kama."

Ranar da za a kai ta ɗakinta, Baba ya dafa kanta, ya dubi ango da amarya.

"Ke kin faɗi gaskiya lokacin da take da ɗaci, shi ya rufa asiri lokacin da yake da tsada. Ku riƙe wa juna wannan. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari."

Auta ta buɗe baki, maganar ta maƙale kamar ranar farko. Dogo ne ya amsa musu su biyun.

"Amin, Baba."