Maganin da Mai Kemis Ya Ɗiga wa Auta

Ranar da Auta ta shigo kemis ɗinsa, hannunta ɗaya a kan ido, mai kemis ya mance sunan kowane magani. Reshe ne ya tsokane ta a lambun furannin babanta.

"Ɗago in gani, 'yar fure," ya ce.

Ya ɗiga mata maganin kashe jan ido, ya ƙi karɓar ko sisi. Jan ya tafi, hira ta kankama, har ya fara maganar turo manya.

Sai ga farin ɗigo a baƙin idon. Haske ya zame mata azaba, hawaye ba tsayawa.

A asibiti likita ta kankari wurin, ta duba a madubin ganin ƙwayoyin cuta. "Fumfuna ce daga reshen," ta ce. "Maganin da aka ɗiga mata shi ya ƙara wa fumfunar ƙarfi. Wa ya ba ta?"

Mai kemis ya ce shi ne. Baba ya nuna masa ƙofa, ya karɓe wayar Auta.

Sabon magani kowace awa ake ɗigawa, ba dare ba rana, in aka yi sake idon ya tafi. Mai kemis, bawan Allah, ya rufe shago, ya rame, ya rasa inda zai sa kansa. Abu ɗaya ya iya: awa na cika, sai saƙo.

"'Yar fure, lokaci ya yi. Ki daure."

"Ko ba za ki sake kallona ba, don Allah ki ɗiga."

Bai san wayar na aljihun Baba ba. Tsoho kuwa shi ke ɗiga mata maganin, ga shi akwai gyangyaɗi. Ƙarar saƙon ke tashinsa ya ɗauko kwalba yana tsaki.

Makonni suka shuɗe kafin likita ta ce ido ya tsira, sai ɗan tabo.

Baba ya aika aka kira mai kemis. Ya zo ya durƙusa. Auta na bayan labule tana kuka a hankali.

"Sau nawa barci ya sace ni, kai bai sace ka ba," in ji Baba. "Tabon nan aikinka ne. Na ba ka ita, ka yi ta kallonsa har tsufa. Allah ya yi muku albarka."