Tsuntsu Mai Gemu a Ɓauren Iya Dudu

Wallahi ba za ku yarda ba, amma akwai tsuntsu mai gemu. Ni da na tsaya a aji biyar, ba wanda ya fi ni saninsa.

A bayan gidanmu a Toro akwai ɓauren kakata, Iya Dudu. Nan yake zama. Bayansa baƙi, ƙirjinsa ja, kewayen idonsa rawaya. Bakinsa ƙato ne, ga gashi tsaye a ƙarƙashi kamar gemun tsoho. Ɓaure ne abincinsa. A busasshen reshe yake fafe rami ya yi gida.

Na ba da labarinsa a aji, aka kwashe da dariya. Ɗanlami, da muke zama benci ɗaya, ya ce, "Gobe kuma za ka ce yana da rawani, sarkin ƙarya."

Na rantse sai na kawo shi makaranta a hannu.

Ran Asabar na ga macen tsuntsun ta shiga raminsu a ɓauren. Na hau, na toshe bakin da totuwar masara. Nufina in ta galabaita in kama ta. Sai na ji 'ya'yanta suna kuka a ciki. Namijin ya iso da ɓaure a baki, ya rasa hanyar shiga. Na yi masa gwalo.

Garin sauka na taka wani busasshen reshe. Ƙaras! Wandona ya maƙale, ga ni a rataye, kaina a ƙasa.

Iya Dudu ta fito da muciya a hannu. Ta ce, "Ɗan nan, yaushe ka zama jemage?"

Na ce ɓaure nake tsinkar mata. Ta ɗaga kai, ta ga totuwar, ta ji kukan. Ta kira Kawu Sallau ya kawo tsani.

"Fara cire totuwar," in ji ta. "Jemagen zai iya jira."

Kawu ya cire. Macen ta fito fur, namijin ya shiga da abinci. Kukan ya lafa. Sannan aka sauko da ni.

Iya ta riƙe kunnena ta ce, "Da ka wuni a haka, yaya za ka ji? Abu mai rai ba abin wasa ba ne. Ka kalle shi, ka bar shi."

Ta yanke mini hukunci. Ba ƙwallo, ba yawo. Kullum in na dawo makaranta, ni ne mai gadin ɓauren, ina korar yara masu danƙo, har ran da 'ya'yan suka tashi. Su uku ne, kuma duk sun tashi lafiya.