Wanda Ya Goge Tsirkiyar Dornbach

Ana tsakiyar kiɗa tsirkiyar piyano ta tsinke, ta tsarge kuncin Hedwig, 'yar mai kantin magani, jini ya wanke mata wuya. Abin kunya, tafi ne ya fara tashi a zauren. Birnin Leipzig ya saba: makaɗi Kasimir Dornbach ba ya barin piyano sai ya tsinka tsirkiya don ƙarfin hannu, matan da suka zagaye shi su yi wawarta, su kai wa maƙeri ya yi musu awarwaro.

Washegari Sufeto Rabe ya duba bakin tsirkiyar, ya ga gugar magagari. Ya sami wasu biyu da aka goge, ba su kai ga tsinkewa ba.

Dornbach ya watsa dogon gashinsa baya. "Mahassada ne! Ku tambayi Seidel."

Seidel, makaɗin da ke hamayya da shi, ciwon ƙafa ya kwantar da shi tun bazara.

"Ni? Yallaɓai, ko biyana aka yi ba na shiga zauren nan. Ina tausayin kunnuwana."

Sai aka koma kan Ottmar mai gyaran piyanon. Mabuɗin zaure na hannunsa, magagari na jakarsa.

"Kayan aikina ne, ranka ya daɗe. Bana na fara yi wa Dornbach aiki. Ku dubi 'ya'yana."

Aka kulle shi a kan idon Dornbach.

Rabe ya koma gida cin abincin rana. Matarsa Lotte na miƙo masa dankali, awarwaronta na tsirkiyar Dornbach ya zamo.

"Lotte, ba ni abin nan."

"Kishi kuma, tsoho? Shekara da shekaru nake sa shi!"

Maƙera ba sa taɓa bakin da ya tsinke, nan ne abin alfaharin. Rabe ya juya shi a hasken taga, ya ga guga iri ɗaya.

Ya je ya sa Dornbach ya kaɗa masa kiɗan jiya, shi kuwa idonsa na kan tsirkiyoyi. Da aka gama ya ajiye awarwaron a gabansa.

"Tun Ottmar bai san ka ba ake wannan gugar. Kuma mai son ɓata maka kiɗa zai goge waɗanda kake bukata ne. Ukun nan, daga inda kake rafka musu hannu ba ka sake taɓa su. Sabon kiɗa ne, jiya aka fara jinsa. Wa ya san haka in ba kai ba?"

Dornbach ya ɓoye hannuwansa a cinya. Duk ƙasaitar ta zube, tsoho ne kawai a kan kujera.

"Sau ɗaya ta tsinke da kanta, ina saurayi. Tun ranar ba kiɗa suke zuwa ji ba, tsinkewar suke zuwa gani."

"Ottmar fa? Da sai ka bar shi ya ruɓe a kurkuku?"

Dornbach ya rufe murfin piyanon.

"Da na bar shi, Sufeto."