Baƙuwar da Ta Ari Murya

Dutsen guga ne ya mayar da Auta shago ran nan. Ta riga ta isa gida har ta cire takalmi, sai ta tsaya, don ba ta tuna ta zare shi daga wuta ba. Rana ta yi ja, ana shirin kiran magariba. Ta ja mayafi, ta ɗauki makulli da wayarta, ta fita.

Bari in ɗan koma da ku baya, ku san abin da ke cikin wayar nan.

Goggonta, ƙanwar babanta, tsohuwar maɗinkiya ce. Ita ta buɗe wa matan layin ɗinki guruf a waya. A nan suke nuna wa juna sabon yayi, su faɗi inda zare ya yi sauƙi, su yi tsiya su yi dariya. Goggo ce admin, kuma ba ta wasa da dokokinta. Ba ta shigar da mace sai ta ga fuskarta ido da ido. Ba zagi. Ba ɗaukar hoton ɗinkin wata a ce na kai ne. Sai dokar da kowa ke yi wa dariya, wato ba aro. Wani almakashi ne ya jawo ta, an are shi ya dawo da giɓi, mata biyu suka yi wata ba sa gaisawa. Tun daga nan Goggo ta ce duk wadda ta yi aro za ta mayar a gaban kowa, sannan ta fita.

“Ɗakina ne,” in ji ta, “makulli kuma yana hannuna.”

Da za a yi mata aikin ido, sai ta damƙa wa Auta riƙon guruf. Auta yarinya ce mai kirki, sai dai tana son a ce ta iya. Ta ga mutane sun yi kaɗan. Ta ɗauki link ɗin shiga ta watsa shi ko'ina, ta rubuta a ƙasa: duk mai so ta shigo, ƙofa a buɗe take.

Mata suka shigo, suka gaisa, suka nuna fuska. Ɗaya ce kawai ba ta nuna ba. Ba hoto, ba suna, sai ɗigo ɗaya baƙi. Ba ta yi sallama ba. Amma duk tsohon saƙon murya da ke guruf ɗin, har na bara, sai da ta bi ta saurare shi.

Wata yamma ta turo nata saƙon. Babu magana a ciki, sai ƙarar keken ɗinki na ƙafa, yana tafiya yana sarƙewa. Can ƙarshe, wata murya kamar iska a ƙasan ƙofa ta kira:

“Mai Surfani.”

Mai Surfani maƙwabciyar shagon Auta ce, uwar surutu, ba a gama magana ba ta sa baki ba. Nan take ta danna ta mayar. “Na'am, wace ce? Ke, ai wannan kekena ne, na san tarinsa! Wa ya buɗe mini shago?”

Washegari Mai Surfani ta tashi babu murya. Baki yana motsi, ko hucin iska ba ya fita. Mijinta ya kai ta asibiti, aka leƙa maƙogwaro, aka ce lafiya lau. Da yamma kuma saƙo ya shigo daga baƙin ɗigon nan. Muryar Mai Surfani ce tsaf, har da dariyarta mai ƙarewa da tari, tana gaishe da kowa. A lokacin Mai Surfani tana zaune kusa da Auta, hawaye na zuba kan yadin da ke cinyarta.

Auta ta danna ta cire baƙuwar. Ɗigon ya ɓace. Kafin ta ajiye wayar ya dawo. Ta soke link ɗin, ta sake cirewa. Ya dawo.

Ta tafi wurin Goggo. Tsohuwar tana kwance, ido ɗaure da bandeji. Ta saurari labarin har ƙarshe, sannan ta lalubo kunnen Auta ta murɗe.

“Ja'ira. Kin ce duk mai so. Kin zaci mu kaɗai ke so?”

“Goggo, ya zan yi?”

“Ba da yatsa ake korar irinta ba. Ke kika ce ta shigo, ke za ki ce ta fita, da bakinki, kowa yana ji. Tunda ta ƙofa ta bi, dokar ɗaki ta hau kanta. Su ma suna jin doka, har sun fi mu.” Ta ƙara matse kunnen. “Amma ko wa ya kira ki, kar ki amsa. Da amsawa take kamawa.”

Auta ta ce to. Tsoro ya hana ta. Ta ce sai gobe, kun san goben tela. A wannan goben ne dutsen guga ya fito da ita.

Layin ɗinki ya yi tsit. An rufe shaguna duka, an ɗauke wuta. Takalminta kaɗai take ji a kan siminti. Ta buɗe kwaɗo, ta tura ƙyaure, ta haska fitilar waya.

Dutsen guga yana kan tebur a tsaye. An zare shi. An naɗe igiyarsa tsaf, naɗin da ita ba ta taɓa yi ba. Ta taɓa shi, sanyi ƙalau.

Warin man keke ya cika shagon. Ƙarƙashinsa akwai wani warin, kamar tsumma ya jiƙe ya kwana a rufe.

Ta juya za ta fita.

Bayan labulen da ake gwada kaya, keke ya fara tafiya.

Babu keke a bayan labulen nan. Kujera ce kawai da madubi.

Wayar ta girgiza a hannunta. Saƙo daga baƙin ɗigo. Ba ta taɓa shi ba, ya buɗe kansa.

“Auta, sannu da zuwa.”

Muryar Mai Surfani. Ta fito daga waya, ta kuma fito daga bayan labule, a tare.

Auta ta dafe bakinta da hannu. Ta juyo ta fuskanci labulen. Ƙofa tana bayanta a buɗe, taku kaɗan ne. Ta tuna hawayen nan a kan yadi. Ta yi addu'a a zuci, ta buɗe guruf, ta ɗora babban yatsa kan wurin ɗaukar murya, ta danne.

“Jama'a, ku zama shaida,” ta ce. Da ƙyar sautin ya fito. “Ni na buɗe ƙofa. Baƙuwa, dokar ɗakin nan ita ce ba a zama sai an ga fuska. Nuna taki.”

Keken ya tsaya.

Labulen ya ja gefe a hankali, zobban ƙarfensa suna kuka ɗaya bayan ɗaya.

Auta ba ta kalli kujerar ba. Madubi ta kalla.

Rigar da ta gama ɗinkawa da rana ce a zaune. Kafaɗu a cike, hannuwa a kan cinya. An yafa mayafi a sama. Cikin mayafin duhu ne, har hasken waya ba ya shiga.

“Ba ni da ita,” in ji muryar, cikin raɗa. Sai dariyar nan mai ƙarewa da tari. “Ara mini taki.”

Rigar ta miƙe.

Ba a ji taku ba. Sai jan yadi a ƙasa.

Sanyi ya taɓa kumatun Auta, kamar ana ɗora mata tef ana awo. Daga kunne zuwa haɓa. Daga haɓa zuwa goshi.

“Ba aro,” ta ce.

Sanyin ya tsaya.

“Ba aro a ɗakin nan. Kin yi aro. Mayar da abin mutane, ki fita.”



Sai wata ƙara, doguwa, kamar ana farke ɗinki daga wuya har ƙasa.

Auta ta ɗaga yatsa. Saƙon bai tafi ba. Yana ta juyawa.

Ta ja da baya. Taku ɗaya. Yana juyawa.

Dugaduganta suka taɓa dokin ƙofa.

“Auta!”

Daga waje, daga bayanta. Muryar Goggo, da irin jan da take yi wa sunan tun Auta tana rarrafe.

Baki ya riga hankali.

“Na'am.”

Wani abu ya zare daga maƙogwaronta, siriri, mai sanyi, kamar ana jan zare daga bakin zane. Ta ji yana tafiya. Ta kama wuyanta da hannu biyu, wayar ta faɗi.

A ƙasa, fuskar wayar ta yi haske. Saƙon ya tafi.

Zaren ya tsinke.

Rigar ta zube a ƙasa, babu kowa a ciki. Auta ta faɗa waje da baya, ta rarrafa, ta miƙe ta zura da gudu, ko ƙyaure ba ta ja ba. Babu Goggo a layin. Babu kowa. Daga nesa aka ta da kiran salla.

A daidai lokacin, in ji mijin Mai Surfani, tana gida ta yi wani tari mai ƙarfi, ta buɗe baki ta ce a ba ta ruwa. Daga nan ba ta yi shiru ba sai da maƙwabta suka leƙo. Baƙin ɗigon ya fita daga guruf da kansa, bai sake dawowa ba.

Da ido ya warke, Goggo ta karɓi makullin guruf ɗinta. Ba ta ƙara doka ko ɗaya ba, ba ta kuma yi wa Auta gori ba. Yanzu duk mai son shiga sai ta zo har gida, ta zauna a haske, Goggo ta sa tabarau ta dube ta da kyau. Rigar nan an ƙone ta. Auta ta koma ɗinki a ɗakin uwarta.

Muryarta tana nan. Tana hira, tana ciniki, tana yi wa 'ya'yan yayarta waƙa. Kalma ɗaya ce ba ta fita. In kun kira ta za ta juyo, bakinta zai motsa, sai ta ɗaga hannu ta yi murmushi.

Shagon kuwa har yau a rufe yake. Matan layin suna tashi da wuri yanzu, kuma sun hana kiran yara a wurin in rana ta yi ja. Don in uwa ta manta ta ɗaga murya ta kira ɗanta, kafin yaron ya buɗe baki, daga bayan ƙyauren nan mai kwaɗo ake amsawa, da muryar Auta, a hankali:

“Na'am.”