Ƙafar da Ba Ta Ji Wuta Ba

"Wai me ke ƙauri haka?"

Inna ce ta tambaya daga bakin madafa. 'Yarta Najaha na zaune bisa tabarma, ƙafafu ƙunshe da lallen aure, ta miƙa su kusa da kaskon garwashi don ya kama da kyau. Dariya ma take yi da ƙawayenta. Sai da aka janye kaskon aka kwance ƙunshin, aka ga diddigenta ya saɓule, fata ta tashi.

Ita kuwa ba ta ji komai ba.

Ta daɗe da sanin ƙafafun nan sun daina yi mata magana. Takalmi ya sha zame mata a hanyar kasuwar Matameye sai an nuna mata. Ta yi shiru, don budurwar da aka sa wa rana ba ta tallar ciwonta.

Rashida na wurin, 'yar ƙanwar uwar ango, wadda ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan angon, Sadisu. Kafin la'asar ta kai magana gida, har da gishirinta.

"Jikin da ba ya jin wuta kowa ya san sunan ciwonsa," in ji Hajiya Habsatu, uwar Sadisu. "Kuturta ba za ta shigo zuri'ata ba."

Aka ɗage aure. Ƙawaye suka ɗauke ƙafa, har kwanon Najaha aka ware.

Sadisu ne ya kwashe su ita da Inna zuwa Yamai, aka ce a ɗauki hoton lakar bayanta. Aka cire mata 'yan kunne, aka tura ta cikin wani dogon inji mai ƙara kamar injin niƙa, aka ce kar ta motsa. Ba ta motsa ba. Hawaye ne kawai suka yi ta gangarawa cikin kunnuwanta.

Likita ya nuna musu hoton da bakin alƙalami.

"Kin ga nan ta baya, inda ya yi fari ya tsuke? Hanyar da ji ke bi ya isa kai ke nan. Ciwon jijiya ne, ba kuturta ba, kuma ba a ɗauka."

"Alhamdu lillahi," in ji Sadisu. "To, magani fa, likita?"

"Za mu lallaɓa shi... Amma abin da ya tafi ba ya dawowa, kuma yakan hau hannu."

Da suka koma gida, Hajiya ta ɗaga hoton a rana, ta juya shi, ta ajiye.

"Na ji ba kuturta ba ce. Jinya za ka auro ke nan?"

"Ita zan aura, Hajiya."

Baffansa ya tsaya masa aka ɗaura. Ba kiɗa, ba guɗa, Hajiya ko leƙe ba ta yi ba. Najaha ta tare da zuciya cike da tsoro, don ta san tausayi yakan ari rigar so.

Tana zaune bakin gado, mayafi ya rufe mata fuska ruf, ta ji shigowarsa, ta ji ya zauna.

"Najata..."

"Yaya Sadisu, ka faɗa mini gaskiya. Tausayina ka ji?"

"Sonki nake."

"Wata rana zan ɗauki ɗanka ya suɓuce ban sani ba."

"Ina gefenki, zan tare."

Muryarta ta karye.

"To me ya sa kake nesa da ni kamar kowa? Tun ranar da aka ambaci kuturta, ban da Inna ba wanda ya taɓa ni. Kai ma ƙyamata kake, ko?"

Sai ta ji numfashinsa yana rawa, irin na namijin da ke danne kuka. A hankali ya ɗage mata mayafin, ta sauke ido.

Hannunta na dama yana cikin nasa, ya damƙe shi gam.

"Tun yaushe?" ta tambaya da ƙyar.

"Tun da na zauna, masoyiyata."