Kafin Cibiya Ta Faɗi

Hantsi bai gama ɗagawa ba Oluchi ta ga abin da ta daɗe tana roƙon Allah kada ya nuna mata. Surukarta, Mama Judit, tana zaune a tsakar gidansu da ke Sabon Gari, ta ɗora jaririn a cinya tana shanya shi a rana. Da yaron ya buɗe ido, sai ga farin idon nan ya yi rawaya kamar an ɗiga masa manja.

"Haggai!" ta ƙwala wa mijinta kira, tana dafe da bango. "Haggai, fito ka ga idon bebi!"

Jiya da yamma ta haihu, a ɗaki, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kafin Haggai ya samo keke Napep, Mama ta riga ta karɓi haihuwar ta yanke cibi.

"Ke, rage mana ihu," in ji Mama, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Shawara ce. Rana zai sha, in jiƙa masa ganye."

"Mama, asibiti za mu kai shi. Yanzu-yanzu."

"Da cibi ɗanye? A gidanmu jariri ba ya ƙetare ƙofa sai cibiya ta faɗi. Ko a garinku a titi ake rainon 'ya'ya?"

Garinku! Kalmar nan ta daɗe tana ci wa Oluchi rai. A Keffi aka haife ta, a bayan shagon kayan mashin na babanta, kuma Hausa a bakinta ta fi ta Mama daɗi. A ƙungiyar mawaƙan coci ta haɗu da Haggai, malamin firamare ɗan Gitata, mai sanyin hali har ya yi yawa. Tun ranar da ya kai ta gida Mama ta yanke hukunci: jinin Ibo da nasu ba ya haɗuwa. Da cikin Oluchi na farko ya zube a gida, kallon Mama kaɗai ya nuna wadda ta ɗora wa laifi.

Sai a awon wannan cikin likita ta gano cewa jinin Oluchi Resus negetif ne, na Haggai fozitif. Tun ɓarin nan ya kamata a yi mata wata allura, ba wanda ya sani, ba a yi ba. Yanzu jikinta ya koyi yaƙar jinin duk ɗan da ya gaji na ubansa. Likita ta ja kunnensu: a haihu a asibiti, kuma in yaro ya yi rawaya a ranar farko, kada a tsaya ko sa takalmi. Su biyun suka ɓoye wa Mama, don sun san abin da za ta ce.

Haggai ya fito, ya leƙa fuskar ɗansa.

"Mama... ko dai mu je a duba shi kawai—"

"Kai ma? Ni da na raine ka?"

Ya sunkuyar da kai. Oluchi ta dube shi, zuciyarta ta yi baƙi ƙirin. Tun asuba yaron ya ƙi kama nono, sai barci, shi kuwa uban yana tsaye yana lissafin yadda zai yi kada ran uwarsa ya ɓaci.

"Faɗa mata, Haggai. Abeg, faɗa mata! In ba za ka iya ba ni zan faɗa." Ta durƙusa da ƙyar a gaban tsohuwar, hawaye na zuba. "Mama, ba irin shawarar da kika sani ba ce. Dakta ta ce jinina ne ke faɗa da nasa, tun yana ciki."

Mama ta tafa hannu.

"Ahaf! Me na ce? Me na ce tun farko? Aka mai da ni mahaukaciya! Kuma ba ku kuka kai wa fasto gwaji kafin aure ba, kuka ce AA da AA, jini ya dace? Ashe ƙarya kuka shirga wa coci!"

"Wancan na sikila ne, Mama, wannan daban—"

"Rufe min baki! Haggai, ka ji da kunnenka. Jininta ya cinye na farko, ga shi zai cinye na biyu. In cibiya ta faɗi, ta tattara ta koma shagon ubanta!"

A daidai nan jaririn ya saki wani kuka siriri mai tsini, wanda bai yi kama da kukan yunwa ba.

Haggai ya durƙusa.

"Mama, ban taɓa yi miki musu ba. Ki yafe min na yau. Oluchi matata ce, ba inda za ta. Ba ni ɗana."

Ya ɗauke yaron cak daga cinyarta. Kafin Mama ta gama salati, ya kai ƙofa yana ƙwala wa mai keke kira, Oluchi na biye da shi da zani a hannu. Sun fara tafiya ke nan tsohuwar ta faɗo cikin keken, ba ko ɗankwali.

"Ba dai a kashe min jika a bayan idona ba!"

A asibiti nas na ganin yaron ta karɓe shi da gudu. Aka ɗebi jini, aka rufe masa ido, aka sa shi a ƙarƙashin shuɗiyar fitila. Da sakamako ya fito, likita ta ce fitila kaɗai ba za ta isa ba, sai an canja masa jini.

"Da kun jira cibiya," in ji ta, "da abin ya taɓa ƙwaƙwalwarsa, in ma ya rayu."

Haggai ya bazama neman masu irin jinin da ake so, har aka dace a cikin 'yan ƙungiyarsu ta waƙa. Oluchi da surukarta suka zauna a benci ɗaya, kowa ta kama gefe, ba mai kallon wata.

Sai bayan la'asar likita ta fito da murmushi. An gama, yaro yana numfashi lafiya. Ta zauna ta yi wa Mama bayani a tsanake: abin ba ruwansa da ƙabila, akwai masu irin jinin a kowane gida. Galibi ɗan fari yakan tsira, na bayansa ne ke shan wahala in ba a yi wa uwa allura ba.

Mama ta matso kusa da likitar.

"Likita," ta ce a hankali, "in mace ta haifi na fari lafiya... sauran kuma duk suka zo da rawaya, suka koma kafin suna?"

"Zai iya zama shi ne, Mama. Sai an gwada."

"Huɗu na binne bayan Haggai. Dangin ubansa suka ce ni ke cinye su. Na shanya su a rana, na jiƙa musu ganye..." Ta miƙa hannu. "Gwada ni."

Aka gwada. Negetif ne, irin na Oluchi sak.

Oluchi ta tuna duk baƙar maganar da ta haɗiye a gidan nan, ta nemi haushin a ranta, ta rasa. Tausayi ne kawai ya cika ta. Ta matsa ta rungume tsohuwar, suka yi ta kuka a bencin nan, mutane na wucewa suna kallo.

"'Yata, ki yafe min. Abin da aka yi min shi na juye a kanki."

"Ya wuce, Mama. Wallahi ya wuce."

Yaron ya warke, aka sa masa suna Natan. Haƙurin Oluchi bai faɗi ƙasa banza ba: ta samu ɗa, ta samu miji mai tsaya mata, ta kuma samu uwa.

'Yan mata da samari, gwajin sikila kaɗai bai isa ba. Ku san rukunin jininku tun kafin ciki, a yi allurar a kan lokaci bayan haihuwa ko ɓari. Biyayya ga iyaye wajibi ce, amma ba a yin ta da ran jariri. Kuma kafin ku ɗora wa mace laifin 'ya'yan da ta rasa, ku tuna Mama Judit, wadda ta tsufa tana zaton ita ta kashe nata.